Yadda Ake Zama Cikakken Ɗan Majalisar Jaz a Katabu

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san Katabu da Mararrabar Jos da abu uku: tireloli jere a bakin titi, ƙamshin tsire da balangu, sai hon ɗin direbobi da ba ya ƙarewa. Ba kowa zai yi zaton cewa a bayan wannan hayaniya za a iya shimfiɗa tabarma bayan Isha, a ɗora shayi, a kunna faifan jaz, mutum huɗu ko biyar su yi tsit kamar ruwa ya cinye su ba. To ana iyawa, kuma daɗinsa sai wanda ya zauna. Kiɗan jaz kamar tuwon biki yake, ci shi kai kaɗai yana rage masa armashi. Ga shawarwari bakwai ga mai son shiga irin wannan majalisa, ko kafa tasa.

Na ɗaya: ka zo da abin da kake ji da gaske

Bayan sallama da tambayar iyali, gaisuwa ta uku a majalisar jaz ita ce: "Malam, me ke kan garmaho a makon nan?" Ka faɗi gaskiya. In faifai ɗaya kake ta juyawa tun watan jiya, ka ce shi ne. Kada ka haddato sunaye goma a hanya don a ce ka sani, domin za a tambaye ka wa ya buga ganga a ciki, daga nan sai zufa ta karyo maka cikin hunturu. Mai faifai ɗaya da ya san shi ciki da bai ya fi mai akwati guda da bai taɓa buɗewa ba.

Na biyu: ka tanadi amsar da za ka ba Kawu

Kowace majalisa tana da Kawunta. Zai zauna, a sa masa Kind of Blue na Miles Davis, wanda ya fito a 1959, ya saurara na minti bakwai cikin haƙuri, sannan ya gyara hula ya ce: "Yaro, wai yaushe za su gama gwada kayan su fara waƙar?"

Kada ka yi dariya, kada kuma ka ɓata rai. Ka ce: "Kawu, ai kun san Shata bai taɓa zuwa fage da takarda ba. 'Yan amshi na riƙe da gindin waƙa, shi kuma yana ƙirƙiro baiti nan take, ya yi nisa, ya dawo. To haka waɗannan suke yi, sai dai ƙaho da fiyano ne bakinsu." Za ka ga ya yi shiru, ya karkata kunne. Ranar da ya ce "ka ji mai ƙahon nan ya dawo gida," ka ƙara masa shayi, ya zama ɗan majalisa.

Na uku: ka koyi gyaɗa kai

Gyaɗa kai ilimi ne. Akwai na girmamawa, a hankali, ido a lumshe. Akwai na mamaki, wanda ake haɗawa da "kai!" ƙasa-ƙasa. Amma ka yi hattara da Take Five na ƙungiyar Dave Brubeck, shi ma na 1959. Yawancin kiɗa bugu huɗu-huɗu yake tafiya, wannan kuwa biyar-biyar ne. Wanda ya shiga da ƙafarsa yana ƙirga huɗu zai tsinci kansa kamar mai hawa matakala a duhu, ya ɗaga ƙafa babu wurin sawa. Ka fara ƙirgawa a zuci, sai ka kama zaren sannan ka saki wuya.

Akwai kuma inda shiru ne ladabi. In an sa A Love Supreme na John Coltrane, wanda ya fito a 1965, a ajiye labarin ƙwallo da farashin masara. Kashi huɗu ne, kuma mai shi ya yi shi ne don godiya ga Ubangiji. Rabin sa'a da 'yan mintoci ba za su kashe kowa ba.

Na huɗu: ka riƙe labarin Yusef Lateef

Dole wata rana wani ya leƙo ya ce: "Ku dai kun cika son kiɗan Turawa." Ka ba shi wuri ya zauna, ka gaya masa cewa baƙaƙen fatar Amurka, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka, su ne suka haifi wannan kiɗa a birnin New Orleans. Sannan ka kawo masa labarin Yusef Lateef, gwanin busa, Musulmi ɗan Amurka, wanda ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya ja hankalinsa shi ne sarewar Fulani, wadda muke wucewa a bakin daji ba mu ko waiwaya. A 1983 ya ɗauki faifan da ya sa wa suna In Nigeria. Mutum ya tsallako teku don ya koyi busa a nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga Katabu, sannan a ce kiɗan baƙo ne?

In gardama ta yi zafi kan mene ne jaz, mene ne ba jaz ba, ka sanar da su cewa Lateef kansa ba ya son a kira kiɗansa da wannan suna. Daga nan sai ka sa Ikon Allah na Bala Miller, wanda ya raya dandalin kiɗa a Kaduna shekara da shekaru, kowa ya huce.

Na biyar: ka yi wa mutanen gida bayani kan faifai

Wannan shawara ta fi kowacce muhimmanci. A gidan Bahaushe faifai iri biyu ne, kuma ɗaya ne kawai ake rufe ƙwaryar fura da shi. Ka tara iyali ka bambance musu tun da wuri, kafin ka dawo ka tarar da faifan Ahmad Jamal a kan kwanon miya.

Faifan garmaho yana da maƙiya biyu a ƙasarmu: zafin bazara da ƙurar hunturu. In ka bar shi a bayan mota da rana, zai lanƙwashe kamar gurasa. Ka jera su a tsaye, cikin rigunansu, nesa da taga. In za ka ɗauka, ka riƙe gefe da gefe da tafin hannu, kada yatsan da ya taɓa ƙuli-ƙulin tsire ya sauka a kan layukan. Ka share shi da ƙyalle mai laushi, ka sauke allura a hankali. Za ka ji wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana suyar ƙosai daga nesa, sannan fiyano ya shigo. Wannan ɗan jiran shi ne gishirin abin. Ka kuma duba gudun na'ura: babban faifai sau 33 da ɗoriya yake juyawa a minti ɗaya. In ka bar ta a kan 45, babban ƙaho zai koma kukan sauro.

Na shida: aro yana da ranar dawowa

Kayan aro ba ya rufe katara. In ɗan'uwa ya ba ka faifai ranar Juma'a, Juma'a mai zuwa ya ga abinsa, cikin rigarsa, babu zanen ƙusa, babu tambarin kofin shayi. Kuma kada ka mayar da shi baki a rufe. Ka ce masa: "Yaya, kiɗa na uku a fuska ta biyu ya hana ni barci." Wannan magana ita ce tukwicin mai ba da aro, ta fi masa goro.

Na bakwai: ka buɗe ƙofa ga mai waya

Yaron da ya zo da waya da 'yar sifika shi ma ɗan majalisa ne. Ranar da aka ɗauke wuta, garmahonku ya yi tsit a tsakiyar busa, shi ne zai fitar da ku kunya. Ku ba shi labarin tsofaffi, shi kuma ya jiyar da ku abin da matasan Legas da Landan da Afirka ta Kudu suke bugawa a yau. Ku rage sauti saboda maƙwabta, ku kashe in an kira salla, ku tashi kafin dare ya raba. Kiɗan da ya hana maƙwabci barci ya rasa albarka.

An ce zumunci a ƙafa yake. A majalisar jaz, har da kunne. A kan garmahona a makon nan akwai Eastern Sounds na Yusef Lateef, wanda ya ɗauka a 1961, kuma ban gaji da shi ba. Kai kuma, ɗan'uwa, duk abin da kake ji, kada ka rufe ƙofa ka ji shi kai kaɗai. Ka ɗauko shi, ka kira mutum biyu, ka ɗora shayi, ka bar wa Kawu wuri a kan tabarma.