Zuwa ga Bawana na Zazzau, Mai Basfa da Sabon Kuloci

Malam Bazazzagi, gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa bawansa. Ya iyali, ya karatu? Dole in tambayi karatu, don na san ko an kwana ba a ɗora tukunya a gidanku ba, ba za a kwana ba a buɗe littafi ba.

Labari ya iso mana Kano cewa tsohuwar Basfar nan taka, wadda ta girmi babban ɗanka, ta yi sabon kuloci, kuma tun ranar da aka ɗaura mata shi ba ta ƙara zuwa Samaru daga Tudun Wada ba tare da 'yan rakiya masu turi ba. An ce ka raina kulocin da ta zo da shi daga Italiya, mai sifirin 6 da faifai 3, ka aika aka kawo maka irin na Basfa samfurin Cosa mai sifirin 8 da faifai 4. A nan ban ga laifinka ba. Kuloci ne mai kyau, shi ya sa kamfanin Piaggio mai ƙera Basfa da kansa ya sa shi cikin samfurin PX na ƙarshe-ƙarshe, kuma masu tsofaffin Basfa a ko'ina suna sa shi don laushin hannu da riƙo. Laifinka guda ne: ka ɗauka abu in ya yi tsada shi zai ɗaura kansa.

Ga abin da shaidun gani da ido suka faɗa mini. In ka hau titi ka sa giya ta uku ka murɗa totur, injin ya yi ta kururuwa har a jiyo shi a Kwangila, amma mai keke ya wuce ka yana ɗaga maka hannu. Wannan shi ne sulluɓewa. In kuma ka tsaya a mahaɗar PZ ka matse hannun kuloci har ya taɓa kan babur, ita ba ta san an tsaya ba, sai ta yi ta jan jiki gaba kana tokare ƙasa da takalmi, firi kuma ya ɓace maka sai ka kashe inji. Wannan shi ne ƙin saki. Cuta biyu da ba sa ga maciji da juna, amma ka iya haɗa su a babur ɗaya. Sai Bazazzagi!

Maganin da ka gano da dukan iliminka shi ne ɗan notin nan na wayar kuloci da ke ƙarƙashin inji. Da safe ka sassauta shi, sulluɓewa ta ragu, jan jiki ya ƙaru. Da yamma ka ɗaure, ta koma kururuwa. Ka zama mai gajeren mayafi a daren hunturu, ka rufe kai ƙafa ta fito, ka rufe ƙafa kai ya fito. To saurara, ubangidanka zai yi maka karatu kyauta. Notin nan aikinsa kawai ya bar wa hannun kuloci ɗan wasa kaɗan kafin waya ta fara ja. In ka saita shi haka, wayar kuma tana zirga-zirga cikin rigarta ba ta cijewa, amma cutar biyu na nan, to ka rabu da shi. Ciwon yana ciki.

Fara da mai, don shi ne mai araha, kuma na san ku da son araha duk da mu kuke yi wa gorin kuɗi. Kulocin Basfa cikin mai yake kwana, man giya samfurin SAE 30, wajen mililita 250. Me ka zuba mata? An ce ragowar bakin man motar surukinka. Man mota na zamani da yawa an sa masa sinadarin ƙara santsi, faifan kuloci kuwa kamu ake so ya yi. In kuma ka zuba mai kauri irin na giyar babbar mota, faifan su manne da juna da sanyin safiya su ƙi rabuwa. Sannan in tambaye ka tsakaninka da Allah: sababbin faifan nan ka jiƙa su a mai kafin ka ɗaura, ko a bushe ka cusa su don kana sauri ka je ka nuna wa 'yan majalisa?

Daga nan sai ka cire tayar baya, ka kwance murfin kuloci, ka fito da shi gaba ɗaya. Kalli cikin murfin tukuna. Kulocin Cosa ya fi tsohon naka faɗi, kuma a tsofaffin injuna yakan goga murfi. In ka ga ƙarfe ya yi sheƙi a zagaye inda bai kamata ba, ga shaida nan, sai a rage wurin. Duba kuma ɗan tagullar nan da ke tura kuloci in ka matse hannu. In ya cinye, tafiyar da yake yi ba ta isa ta raba faifan ba, ko da ka ja waya har ta tsinke.

Amma inda na fi zargi shi ne kwandon da faifan ke zaune a ciki. Kowane faifai, ban da na ƙarfen da ke tsakani, yana da 'yan kunnuwa da ke shiga tsagar kwando, kuma dole su riƙa zamewa gaba da baya ba tangarɗa. Sa farcenka ka bi gefen tsagar nan a hankali. In ka ji gargada, ƙananan ramuka a jere inda kunnuwan suka yi ta duka, to ka kama ɓarawo. In ka matse hannu, kunnen ya maƙale a rami, faifai ya ƙi janyewa, babur ya yi ta ja. In ka saki, ya sake maƙalewa, faifai ya ƙi komawa ya damƙe, inji ya yi ta ihun banza. Rami ɗaya ke haifar da cutar biyu. In bai yi zurfi ba a share shi da zarto, in ya yi nisa a sake kwando. Kwandon jabu kuma, irin wanda nake kyautata zaton shi aka sayar maka da ganin gilashin idonka, bakinsa yakan buɗe in inji ya ɗau gudu, shi ya sa masu ƙara wa Basfa ƙarfi ke neman wanda aka ɗaure da zoben ƙarfe.

Sauran faifan ƙarfe da ke tsakani, ɗora kowanne a kan gilashin taga ka danna gefensa da yatsa. Wanda ya yi rawa ya lanƙwashe, wanda ya yi shuɗi ya ƙone, duka ka zubar. Kada ka ce za ka miƙar da guduma, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Kuma ka yi da wuri. Duk ranar da ka murɗa hannun hagu giya ta shiga da ƙarar "ƙwas", ɗan ƙarfen nan mai siffar gicciye da ke zaɓen giya ne kake ci wa baki. In ya gama cinyewa, giya za ta riƙa fita da kanta kana tsakiyar hanya, kuma shi ba a kai gare shi sai an raba inji biyu. A lokacin kuɗin da ka ƙi biyan bakanike zai dawo da 'ya'yansa.

In duk wannan ya fi ƙarfin digirinka, ɗora ta a a-kori-kura ka kawo mini Kano. Kada ka hau ta, ba na son a ce bawana ya kwana a Kwanar Ɗangora. Akwai tsofaffin hannu a nan da suka san Basfa tun kana ɗaukar allo. Kuɗin aiki na yafe maka, amma ka taho da goro, kuma a ƙofar gida za ka tsuguna ka gaishe ni, gaban yara.

Ubangidanka na Dabo.