Tsohuwa Da Tabarau

Golf ɗin ta girmi mai tuƙa ta, fitilunta sun dushe don tsufa. Maimakon a goge su, sai gogan naka ya kai ta wurin masu kwalliyar mota, aka manna musu baƙar leda. Wai ado! Mai yanar ido aka saya wa tabarau.

Hujjarsa, dokar 1991 ta gilashi mai duhu, wadda 'yan sanda ke tambayar takardar izini a kanta, ai maganar tagogi take yi. To, jami'an kiyaye haɗurra haske suke dubawa, ba ruwansu da ko ƙwai ne ya mutu ko leda ce ta shanye shi.

Yanzu da magariba ta yi, ƙaninsa ke leƙowa ta taga da tocila.