Masu Cewa a Rufe Intanet, Ku Matso Kusa

Jama'ar "a rufe kowa ya huta". Ku gyara zama, yau da ku nake. Tun ranar da na faɗa a wannan fili cewa rufe intanet ba magani ba ne, wayata ba ta huta ba. Wani ya ce Turawa sun saye ni. Wani ya tambayi nawa kamfanonin waya suke ba ni a wata. Da suna ba ni ko kwabo, da ba kullum nake cin bashin kati ba. Wata Hajiya kuma ta aiko mini da saƙon murya na minti goma sha ɗaya, tana lissafa yadda waya ta lalata 'ya'yan mutane, ta kashe aure, ta raba zumunci. Na saurara har ƙarshe, Hajiya, kunya ce kawai ta hana ni tambayar ki data nawa saƙon ya ci.

Abin da ya ba ni dariya, duk cikinku babu wanda ya sayi ambulan da kan sarki ya taka zuwa gidan waya. Kowa ta WhatsApp ya zo ya shaida mini cewa WhatsApp annoba ce.

Mafi zafi a cikinku kuwa Kanawa ne, kuma ni Bazazzage ban yi mamaki ba. Bakano zai zauna a Kantin Kwari yana tsine wa intanet da baki, hannunsa ɗaya yana ɗora hoton sabuwar atamfa don 'yan sarin Maraɗi su gani, ɗayan yana duba ko alat ya shigo. Idan sabis ya ɗauke na minti biyar, shi ne zai fara leƙowa ƙofar shago yana ɗaga waya sama kamar mai duban wata.

Kada ku ce na ƙaryata ku baki ɗaya. Ɓarna kam akwai ta. Akwai yaron da zai kira dattijo da muryar ladabi, ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da aka turo yanzu, kafin a idar da sallar la'asar asusu ya zama wayam. Akwai 'yan matan da kunya ta yi musu ƙaura a TikTok. Akwai ƙarya mai gudu fiye da iska. Amma tunda an zo batun ƙarya, ku bari in tambaya: a watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, wa aka tasa cikin dare aka ce ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma kurɓa? Kada kowa ya sunkuyar da kai, na san wasunku sun yi, har da tashin maƙwabta. Mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasu a kan wannan saƙo. A 2020 kuma aka ce ƙarfen 5G ne ke yaɗa korona, alhali sai 2022 aka fara sayar da sabis ɗin 5G a Najeriya. Duka biyun ba yaran TikTok ne suka fi yaɗa su ba. Manya ne, masu gemu da masu mayafi, waɗanda duk saƙon da aka rubuta "tura wa mutum goma" a ƙasansa sai sun tura wa talatin don neman lada.

To, maganin da kuke nema ai an gwada shi, a gabanmu, ba labari aka ba mu ba. Ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ce da farko. Ba a jima ba Katsina ta bi da ƙananan hukumomi 13, Sakkwato da 14, sannan wasu sassan Kaduna. Aka haɗa da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka. Niyyar ba ta ƙeta ba ce. Mutanen da ake sace wa 'ya'ya ana ƙone musu ƙauye, duk abin da aka ce zai kawo sauƙi za su ce amin.

Ina da kawu a Gusau, ɗan kasuwar hatsi, shugaban wannan ƙungiya taku tun kafin ku san da ita. Shekara da shekaru yana cewa da shi ke mulki da ya tumɓuke duk wani ƙarfen sabis a ƙasar nan ya sayar wa 'yan gwangwan. Da aka rufe, sai ga wasiƙa ta hannun direba, irin ta zamanin da, an naɗe ta huɗu: "Bayan gaisuwa mai yawa, alhamdu lillahi, mun huta." Na ajiye ta, tana nan.

Kwana goma sha biyu tsakani, da hantsi, na ji sallama a ƙofar gida. Kawu ne, babbar riga ta sha ƙura, yana rungume da jakar leda. Da farko Funtuwa suke zuwa yin kira, sai ita ma aka rufe ta, shi ne ya zarce Zariya. Na yi zaton tsaraba ce a jakar. Da ya zazzage a kan tabarma, wayoyi bakwai ne, na maƙwabta da na matan gida, kowacce an ɗaure ta da takarda da kyauro: wannan a kira ɗanta a Legas a ce kuɗin bai iso ba, wannan a gaya wa surukai an ɗaga biki, wannan a duba ko albashi ya shiga. Ya ce tun da motarsu ta shigo inda ake da sabis jakar ta kama kuka gaba ɗaya, har wata tsohuwa a gefensa ta fara salati. Ko ruwa bai sha ba ya kira abokin cinikinsa a Dawanau ya tambayi farashin gero. Da aka faɗa masa sai ya yi shiru, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ashe buhunan da ya sayar shekaranjiya a tsohon farashi ya sayar.

Na ce, "Kawu, yaya hutun?"

Ya harare ni. Ya ce, "Kai yaro, ni fa da na ce a rufe, ta yaran nan nake nufi, ba tawa ba."

Wannan jimla ta Kawu ita ce duk aƙidarku, in kun yarda a faɗi gaskiya. Kowa wayar wani yake so a rufe. Sai dai ƙarfen sabis bai san mai gemu ba, bai san ɗan iska ba. Ranar da aka kashe shi, mai kai wa ɓarayi rahoto ya rasa layi, haka ma mutumin ƙauyen da ya hango babura sun nufo gari yana son ya sanar da na gaba, haka ma mai naƙudar da ake neman mota a kai ta asibiti. Hukumomi sun ce matakin ya takura 'yan bindiga, kuma ba na musun cewa ya takura su na ɗan lokaci. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, wurare da dama kuma kafin shekarar ta ƙare. Ko ta'addancin ya ƙare da wannan, kada ku tambaye ni, ku tambayi mutanen Zurmi da Maru da Tsafe.

Na Twitter kuwa ya fi kama da wasan kwaikwayo. A watan Yunin 2021, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, gwamnati ta dakatar da shi, kuma ma'aikatar yaɗa labarai a shafinta na Twitter ta sanar da hakan. Kun ga ashe ba ku kaɗai ne masu zagin rijiya kuna jan guga ba. Wata bakwai aka yi, sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. Abin da aka samu a tsakani shi ne yaran da ba su taɓa jin kalmar VPN ba duk sun koya cikin kwana biyu. Mutum yana kwance a Tudun Wada, wayarsa tana rantsuwa a Kanada yake. Daga baya, a Yulin 2022, kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka.

Na tuna da yawanku a lokacin kun ce ba ruwanku, Twitter ta 'yan boko ce. Allah ya gafarta Malam, hannun da ya iya rufe Twitter don ran shugaba ya ɓaci, gobe zai iya rufe Facebook inda ake watsa tafsirinka da azumi, in ka karanta ayar da ba ta yi wa wani daɗi ba. Ku tambayi 'yan'uwanmu na Chadi, da aka toshe musu WhatsApp da Facebook tun Maris ɗin 2018 har Yulin 2019. Gemun maƙwabci ne ya kama wuta, mu kuma muna roƙon a miƙo mana ashana.

Sannan 2023 ta zo ta tona asirin kowa. Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, sababbin ba su wadata ba, tsofaffin an ce sun daina aiki. Ina waɗanda suka rantse ba za su taɓa karɓar kuɗin da ba su ƙirga da yawu a yatsa ba? Mai shayin unguwarmu, wanda ke cewa taransifa kuɗin aljanu ce, shi ya fara rubuta lambar asusu a jikin kwalin madara ya rataye a saman teburi. Mahauci ya bi, mai kayan miya ya bi. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a farkon Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, dattawan da ba su san inda ake danna saƙo ba sun haddace OPay da Moniepoint kamar sunan jikokinsu. Yau kwalin nan yana nan, har an yi masa leda don kada ruwa ya taɓa. Kuma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma bankuna suka rikice, ban ga ko ɗayanku yana sujadar godiya ba. A layin mai POS na gan ku, kuna tsaki.

Yanzu ga inda nake jin haushinku da gaske. Kuna da fushi, fushin kuma mai kyau ne, amma kun harba shi inda ba nama. Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, aka ce da haka za a kama masu garkuwa da mutane. Mun yi layi cikin rana da sanyi, cikin korona, tsofaffi suna zaune a ƙasa tun asuba. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Mun ba da hoto, mun ba da zanen yatsu goma. To, da wace waya ake cinikin kuɗin fansa har yau? Shi kansa ministan da ya jagoranci aikin, Isa Ali Pantami, bayan ya sauka ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Wannan tambaya ce da ta cancanci saƙon murya na minti goma sha ɗaya, Hajiya, kuma ba a gare ni ba.

A Janairun 2025 aka amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Babu wanda ya aiko mini da ko harafi a kai. Akwai ƙauyukan da har yau sai an hau tudu ko bishiyar ɗorawa ake samun sanda ɗaya ta sabis. Ba ku ce komai ba. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, wadda ta ba ka haƙƙin ka tambayi wanda ke riƙe da bayananka me yake yi da su. Mutum nawa ne a cikinku suka san da ita? Ɗan damfarar nan da ya kira ya faɗi cikakken sunanka da bankinka, a ina ya samo? Ba a mafarki aka nuna masa ba.

Tarbiyyar yara kuwa, ku yi haƙuri in taka ku kaɗan. Yarinyar aji biyu a sakandare ba NCC ce ta saya mata wayar dubu ɗari da hamsin ba. Abin da uba ya kasa karɓewa daga hannun 'yarsa a tsakar gidansa, shi yake so gwamnati ta karɓe daga hannun mutum sama da miliyan 200.

Mu da muka ga farkon harkar wayar salula a 2001, lokacin da layin waya kaɗai ya fi albashin wasu, ake lissafin kira da minti kafin Glo ta zo da lissafin daƙiƙa a 2003, mun tuna cewa a lokacin ma an ce fitina ta zo. Masu faɗin hakan su ne suka zama zakarun filashin.

Saboda haka ga tayi. Duk wanda har yanzu yake kan bakansa, ba sai ya jira Abuja ba. Ya kashe wayarsa ranar Asabar mai zuwa, ya sa ta a ƙasan akwati, ya ba uwargida makulli, ya yi mako guda. In ya cika, ya rubuto mini yadda ta kaya da biro da takarda, zan buga a nan ba tare da na cire ko wasali ba. Sauran kuma, lambar ɗan majalisarku ku nema, ku tambaye shi batun NIN da kuɗin data.

Kawu, na ga kiranka uku da saƙon da ka turo. Na tura kuɗin tun da safe, ka duba alat.