Saƙon Gaggawa Mai Ƙaho Biyu

Caja kawai na je saya a Beirut Road. Na dawo gida Kwaciri babu caja, sai iyafis mara waya a aljihu. Yaron shagon ya ce da ni, "Yallaɓai, wannan da AirPods uwa ɗaya uba ɗaya." Na san Apple ne ya fito da AirPods a ƙarshen 2016, na kuma san kuɗin da na biya ko kwalinsa ba zai saya ba. To amma wa ke ƙin a kira shi yallaɓai?

Inna ce ta fara kawo cikas. Ta leƙo zaure ta tarar da ni ina ta ƙyaƙyata dariya ni kaɗai, ina ce wa bango, "Wallahi ƙarya kake!" Kafin in gama magana da abokina har an kawo garwashi da habbatussauda. Na zaro abin daga kunne na ce, "Inna, mara waya ne, amma sai da waya yake aiki." Ta dube ni ta ce, "To wace wayar ce babu?" Ta ce a ƙara hayaƙin.

A teburin mai shayi kuwa, kowa da fatawarsa. Wani direban Adaidaita Sahu ya rantse batirin zai fashe mini a ka wata rana. Telan layinmu ya ce in dai yana toshe ƙarar janareto, a sayo masa biyu. Mai shayi bai ɗago daga kaskon ƙwai ba ya ce, "Malam, duk wanda ya toshe kunne ya daina amsa sallama."

Nan na gyara zama, don na samu inda zan baje ilimi. Na ce ai yanzu waya ce ke ankarar da mutum, ba baki ba. Na ba su labarin da ƙanina da ke Ingila ya ba ni: ranar Lahadi 23 ga Afrilun 2023, ƙarfe 3 na yamma, gwamnati ta sa wayoyin jama'a suka ɗauki kururuwa lokaci guda, gwajin saƙon gaggawa. Ba ruwan abin da lambarka. Eriyar sabis ce ke watsa shi ga duk wayar da ke yankin. Na ƙara da na Hawaii a Amurka, inda ranar 13 ga Janairun 2018 aka tura wa mutane cewa makami mai linzami na tafe, suka yi minti 38 suna bankwana da juna kafin a ce kuskure ne. Mu nan, in ji ni, muna da 112, amma kai za ka kira. Sai ko saƙonnin NCDC na lokacin korona a 2020, masu cewa a wanke hannu.

Mai shayi ya ce, "Da kasuwar Sabon Gari ta kama da wuta a 2016, wa ya turo maka saƙo? Ba baki ne ya tashe ka ba?" Na ce wannan tsohon yayi ne. Na faɗa da ƙarfi kuwa, har da ɗaga kofi.

Ana jibi Babbar Sallah na fito da farar shaddata, kunnuwa biyu a toshe, ina sauraron sharhin wasan Kano Pillars. Wasu iyafis na gaske suna da 'yar na'urar da ke sauraron hayaniyar waje ta kashe ta. Nawa tun da na saye shi bai taɓa kashe ko kukan sauro ba. Ran nan ne ya ga damar yin aiki.

Ina shiga lungu na ga mutane suna ɗaga mini hannu. Na ɗaga musu. Mai rake ya saki baronsa ya haye dakali. Wata mata ta fizgi yaranta ta rufo ƙofa. Wani dattijo a kan benci yana ta wangale baki yana nuna ni da carbi, na rusuna na ce, "Lafiya lau, Baba, ya ibada?" A raina na ce ashe haka ake girmama mai iyafis, har hanya ake dare masa.

Inuwa ce ta cece ni. Rana na bayana, sai na ga inuwata ta yi ƙaho biyu.

Ban waiwaya ba. Duk mutumin Fagge da ya tashi kusa da abbatuwa ya san ba a tsayawa tantance sa da ya tsinke igiya. Dama bango, hagu kwata, kwatar da na shekara goma ina tsallakewa da toshe hanci. Na faɗa mata kamar mun yi alkawari. San ya wuce ko kallona bai yi ba, mahauta uku na biye da shi da guntun igiya. Sai a lokacin, da iyafis na hagu ya fice, na ji abin da unguwa ta jima tana faɗa: "Sa! Sa! Kai mai farar riga!" Sai dai rigar ta riga ta sauya suna.

Mai shayi ne ya miƙo mini hannu. Bai ce komai ba sai da na fito, sannan ya ce, "Malam, ya ka ji gwajin namu?"

Na hagun yana can ƙasan kwata, kuma Allah ya yi masa tsawon rai. Kwana biyu, duk sanda na bi ta wurin sai wayata ta haɗu da shi. Ranar jajibere uwargida ta kira ni daidai nan, na ɗauka ban ji komai ba. Ta jero cefanen Sallah tun daga attaruhu har kanumfari, ta rufe da cewa kar in manta ko ɗaya. Kwaɗin Kwaciri ne suka ji, kuma har yau ba su kawo ba.