Ƙarar Tayar Gaba da Likitocin Unguwarmu

A unguwarmu ba a barin mutum shi kaɗai da matsalar motarsa. Da zarar labari ya fita cewa a-kori-kurar wane ta fara ƙara a ƙafar gaba, kafin a watse daga sallar la'asar kwamiti ya zauna a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci, alhali ba wanda aka kai wa goron gayyata. Mai shayi na ciki, tela na ciki, har da malamin makarantar da bai taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba.

Ƙa'idar farko ita ce mai mota ya kwaikwayi ƙarar da bakinsa. Sai ka ga dattijo mai 'ya'ya da jikoki ya gyara zaman hula, ya turo baki yana "wuuu, wuuu". Wani ya katse shi: "A'a Alhaji, ranar da ka rage min hanya zuwa Dawanau ba haka na ji ba, ƙwas-ƙwas take yi." Na uku ya rantse shi ƙiii ya ji. Yaron mota, wanda kullum shi ne a cikinta tun asuba, da ya buɗe baki sai a ce, "Kai, manya na magana."

Daga nan sai a rabu gida-gida. Akwai 'yan boris, su ne masu rinjaye. Ko madubi ne ke karkarwa, a wurinsu boris ne. Akwai 'yan shokozoba. Tela kuwa tunda ya taɓa jin kalmar shaf a gareji bai sake ta ba, har ya taɓa yanke wa wata tsohuwar Peugeot 404 hukuncin shaf ɗin gaba, motar da ƙafar baya ce kawai ke jan ta. Baba tsohon direba ne ya kwance shi. Shi Baba ya fara riƙe sitiyari tun zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma har gobe bai yarda an ƙera wata mota bayan 504 ba. Ya dube shi ya ce, "Ɗana, wannan ba ta da shaf a gaba, sai dai in kai za ka ɗinka mata." A can gefe kuma ba a rasa mai rage murya ya ce bakin mutane ne, tunda Alhaji ya sake mata fenti ake ta magana.

Abin da ba ya faruwa a wannan zama shi ne wani ya tashi ya ɗaga motar. In an ce a kawo jak, na Alhaji yana wurin wanda ya ara tun kafin azumi, wanda ya ara kuma ya ba wani aro. Iyakar binciken da muke yi da jiki shi ne harbin taya da ƙafa, mu gyaɗa kai kamar ta ba mu amsa.

Alhali mota tana faɗin ciwonta, in an iya tambayarta. Akwai wani bakanike a bayan layinmu, mutum marar yawan magana, wanda ba ya taɓa sifana sai ya gama tambayoyi, har mutane suna cewa ya cika ɓata lokaci. Yakan shiga gaba ya ce, "Maigida, mu hau kwalta." In an ɗauki gudu ya ce a sa ta a firi, a ɗage ƙafa daga totur. Idan injin ya yi shiru amma gurnanin yana nan, yana ƙaruwa da gudu yana raguwa da raguwarsa, to ya fitar da inji daga zargi, magana ta koma ƙafa. Sai ya sa a ɗan karkata sitiyari hagu da dama a inda hanya ba kowa. Dalilinsa shi ne in mota ta karkata hagu nauyinta kan tayar dama yake komawa, don haka gurnanin da ya ƙaru a kwanar hagu yawanci boris ɗin dama ne. Ya ce a taɓa birki: ƙarar da ta canza ko ta ɗauke da taka birki, a nemi dalilinta a wajen birki. Ƙwas-ƙwas ɗin da ba ya zuwa sai an karya sitiyari har ƙarshe ana tafiya a hankali, a mota mai jan ƙafa huɗu irin Hilux, nan ne maganar tela ke zama gaskiya: robar da ke rufe kan shaf ta yage, giris ya fice, yashi ya shiga. Bugun da ba a ji sai an faɗa rami ko gargada, wannan na bol-joyin ne ko bushin ko shokozoba.

In an dawo, kafin komai sai ya ɗauki sifanar taya ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya sha ganin motar da aka kawo da sunan boris, ashe mai faci ne ya mayar da taya jiya da magariba yana sauri bai ɗaure sosai ba. Sannan ya kai bayan hannunsa kusa da tsakiyar kowace taya, ba tare da ya taɓa ba. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi, ko boris ɗinta ya bushe ko birkinta na kamawa. Sai ya sa jak, ya tokare da kututture, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. In ta yi wasa, boris ne ko bol-joyin. Ya kama ta gefe da gefe; in nan ne wasan, tayarod ne. Ya dafa sifirin da hannu ɗaya, ya juya tayar da ɗayan, ya rufe ido, domin boris ɗin da ya ci yakan aiko da ɗan kaɗawa har cikin tafin hannu. A ƙarshe ya shafa bayan tayar da tafinsa. Tayar da ta ci tudu da kwari ita ma tana gurnani sak irin na boris, maganinta a musanya ta gaba da ta baya a ji ko ƙarar ta bi ta. Duka wannan ba ya kai lokacin da mai shayi ke ɗauka ya soya wa mutum uku ƙwai.

To a nan ne halinmu yake fitowa. Wani maƙwabcinmu mai ɗaukar hatsi ya bi shawarar kwamiti, ya je Ƙofar Ruwa ya sayo boris, aka sa, ƙara tana nan. 'Yan shokozoba suka ce ai dama sun faɗa, ya koma ya sayo, ƙara tana nan. Da ya gaji ya kai wa mutumin bayan layi. Bakaniken ya cire taya, ya leƙa bayan faifan birki, ya zura sukundireba tsakanin faifan da ɗan farantin ƙarfen da ke kare shi, sai ga tsakuwa ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta faɗo ƙasa. Ya miƙar da farantin da ya lanƙwashe da yatsunsa, ya juya taya, shiru. Kana tsammanin maƙwabcin nan zai yi murna? Tsayawa ya yi yana kallon tsakuwar ransa a ɓace, ya ce, "Oga, shi ke nan? Ka dai ƙara dubawa." Da aka zo kuɗin aiki kuwa ya miƙa abin da ba zai sayi lemo biyu ba, wai ai ba a sa komai ba.

Mu kuɗin ƙarfe muke iya biya, ba ma biyan kuɗin kunne. Bakaniken da ya tura mu kasuwa da doguwar takarda shi ne ya san aiki, wanda ya gano ciwo a minti goma kuwa ya yi mana wayo. Su ma kanikawa ba yara ba ne, sun gane mu sarai, shi ya sa da yawansu kana tsayawa kafin ka kashe mota an ce "boris ne". Kuma ko boris ɗin ne da gaske, mu ne za mu tsaya a kansa mu ce a buga shi da guduma mu wuce, ba mu da lokacin zuwa wurin masu injin dannawa. Boris ɗin motocin yanzu a rufe yake zuwa, ba irin na su Baba ba ne da ake warewa a wanke a cika da giris a daidaita da noti. Wanda aka shigar da duka tun ranar ya samu rauni, in ya fara kuka bayan wata biyu sai mu ce kayan yanzu ba su da auki. Ba ma tuna buhunan da muka jibga mata har bodi ya kusa taɓa taya, ko kududdufan da muka ratsa da ita duk damina.

Akwai kuma jama'ar rediyo, kuma ina jin sun fi kowa yawa. Su da ƙara ta fara sai a ƙara murya, a ce in ta gaji za ta daina. Ga ƙarar tsakuwa wannan ba laifi. Amma boris ɗin da aka bari yana cin kansa zafi yake yi har ya kama, noti mai sako-sako kuma ƙusar taya yake ci har ta karye, bol-joyin in ya fita ƙafar gaba ce ke durƙushewa. Ita kuma a-kori-kura ranar kasuwa ba buhu kaɗai take ɗauka ba, mutane ne zaune a kan buhunan, ƙafafunsu na lilo a waje.

Jibi Juma'a, kasuwar Wudil, kuma Alhaji ya riga ya karɓi lodi. Don haka duk wanda jak ɗinsa yake hannunsa, don girman Allah ya dawo da shi kafin gobe da azahar. Ba za a tambaye shi inda ya kai shi ba.