Aradu Ba Ta San Sitabilaiza Ba

Jama'ar Sundimina, na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki: "Wutar ma yaushe muka gan ta, balle ta ƙona mana kaya?" To ai nan gizo ke saƙar. Ko a Oktoban 2024, da Arewa ta yi fiye da mako a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wa ya tuna ya zare filogi? Sai a bar komai a jone ana jira. Alhali lokacin da KEDCO ta maido da wuta, yara na ihun "NEPA!", a wannan ƙiftawar ido ne ƙarfinta kan iya zarce volt 230 da aka ƙera kayanku a kai. Kafin ihun ya lafa, talabijin ta fara ƙauri.

Ga Alhaji can yana murmushi, wai shi yana da sitabilaiza. Ranka ya daɗe, aikinta daidaita wuta ne in ta yi sama ko ƙasa kaɗan. Aradu kuwa ta keto sararin sama tun daga gajimare, sai ɗan akwatinka ne zai tare ta? Haka mai cewa "ai na kashe makunni." Ɗan tsakanin da ke cikin makunni bai kai faɗin farce ba, tsallake shi za ta yi. Zare filogin daga bango, ka kwance wayar dish ma, domin ta nan ɓarna ke yawan shigowa.

Baba kuma ya ce tsawa ba ta faɗa wa kowa sai ɓarawo da mai rantsuwar ƙarya. To me taransifoma ta sata? Ba sai tsawar ta sauka a rufinka ba. Ta faɗa kan turken wuta a hanyar Birnin Kudu ko ta Gwaram, waya ce za ta kawo maka saƙon har ɗaka.

In hadarin Agusta ya haɗo, ka ga walƙiya, fara ƙirga. Duk daƙiƙa 3 kafin ka ji rugugi, kilomita 1 ke nan tsakaninku. In dai kana jin ƙarar, ta kusa isa: cire waya daga caji, Hajiya ta haƙura da Daɗin Kowa na yau. In wuta ta dawo, a ba firiji minti 5 kafin a jona, kada injinsa ya tashi da nauyi. Masu sola, ku sa mai gyara ya kafa muku sandar jan ƙarfe a ƙasa, ya haɗa ta da kayan.

Wanda bai yarda ba, ba dole. Masu gyaran talabijin na Birnin Kudu ma suna da iyali, kuma damina ce kakarsu. Sun ce a gaishe ku.