Ƴan Leƙen Asirin da Kowa Ya San Asirinsu

Fim ɗin tarihin da ya taɓo ƙasarmu har duniya ta ji shi ne Sarraounia na Med Hondo, ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani. A Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya Mangu ta Lugu, kuma ya lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Labarin ayarin Voulet da Chanoine ne, hafsoshin Faransa da suka afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayun 1899. Sai dai akwai gefen da har yau yake jiran mai kyamara, wato masu kai rahoto. Ayari mai ɗaruruwan sojoji da ƴan dako ba ya tafiya ido rufe, dole wani ya faɗi inda rijiya take da inda rumbuna suke. Ga kuma jayayyar Faransa da Ingila: yarjejeniyar 1898 ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙonni kuwa tana ciki. Can kudu Turawan Ingila suna da Adamu Jakada, mai shiga Kano yana kwaso musu labari.

Labari dai ga shi nan jibge. Ƴan wasan ne abin tsoro. Duk wanda ya saba kallon wasan kwaikwayo a gidan matasa ko ranar bikin lakwal, daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela, ya san waɗanda za su yi layi ranar da aka ce ana neman ɗan leƙen asiri.

Wanda zai riga kowa zuwa shi ne Mai Naɗe Fuska. Rawani har bisa hanci, ido ɗaya kawai a waje, yana sanɗa da tsakar rana a tsakiyar kasuwa. Taku uku, waiwaye biyu. In aka dube shi sai ya laɓe bayan dogon yaron da bai kai kaurin cinyarsa ba, bishiyar da ma ba ta iso ƙasar nan ba a 1899. Raɗarsa kuwa, don kada makirfo ya rasa ta, har mai rake na bakin hanya yana ji. Da haka magabatansa suka yi aiki, da dogarai sun kama su kafin su sha ruwan baƙunta.

Bayansa sai Nasara. An samo wani ɗan fari-fari, an ƙara masa da hoda, an kifa masa hana-salla. Hausarsa ta hanci ce, ko mace ko namiji duk "kai" ne, Faransancinsa kuma bai wuce tsawar da malamin lakwal ya taɓa yi masa ba. Abokin gabarsa na gaskiya rana ce. Gumi na tsatsafowa hodar na bin wuyan riga, sai mutum ya fara wasa yana kyaftin ya ƙare yana kurtu.

Tafinta ne na fi ƙauna a cikinsu. Nasara ya yi kalma biyu, shi ya kwashe minti biyar yana fassara. An ce a kawo ruwa, ya ce: "Ranka ya daɗe, Nasara ya ce a kawo ruwa, da rago, da ƙwaryar zuma, kuma rigar nan da ke jikin waziri ta yi masa kyau, amma a hannuna za a ba da." Sarki ya yi fushi ya zazzaga magana, shi ya juya wurin Nasara ya ce sarki yana gaisuwa. Ba a rubuta masa ko ɗaya cikin wannan ba, son a ji muryarsa ne kawai. Amma cikin rashin sani shi ne ya fi kowa kusa da tarihi, domin a zamanin Nasara mutumin da ke tsaye tsakanin bakuna biyu da ba sa jin juna ya ci ya sha, wani sa'in har ya fi mai sarautar faɗa a ji.

Sarki ba ya wahalar da kowa. Babbar rigar aro, agogon hannun da ya ƙi cirewa, da "to, madalla" ga duk labarin da aka kawo, har da na cewa an ƙone gari.

Akwai kuma Gawa Mai Taurin Kai. An harbe shi, ya dafe ƙirji, ya zagaya fili, ya faɗi, ya tashi zaune don ya bar wasiyya. Ya lissafa masu binsa bashi, ya yafe wa uwar ƴaƴansa, sannan ya ja jiki zuwa inuwa saboda rairayi da zafi. Yana cikawa wayarsa ta yi ƙara a aljihu. A kowane wasa ana yafe masa, amma ban da wannan. Mutanen da aka kashe a Ƙonni jikokinsu na cikin masu kallo, kuma ba dariya ta kawo su wurin ba.

Duk ciwonsu ɗaya ne: ba wanda ya yarda ya wuce ba a lura da shi ba, alhali ɗan leƙen asiri sana'arsa ke nan. Mai neman wanda ya iya, ya je mararrabar Tsarnawa ya zauna kusa da tsohuwa mai fura. Ta san motar simintin Malbaza da ta kwana a hanya, ta san buhun albasar Galmin da ba albasa ce kaɗai a cikinsa ba, ta san ɗan kabu-kabun da ya fito daga Illela ta Najeriya bai bi ta kwalta ba. Tambaye ta ka ji. Ba za ta ɗaga kai daga ƙwarya ba, sai dai ta ce: "Ɗan nan, ni mi na sani? A dama maka ta nawa?"

Masu shirya fim, ku sallami mai rawanin nan, ku je ku roƙi Inna mai fura.